Addar Kakana da Ta Je Bama Ta Dawo

Duk ranar Juma'a, idan aka sakko daga masallaci aka sha fura, kakana yakan sa a shimfiɗa masa buzu a zaure, sannan ya ce a ɗauko masa adakarsa. Baƙar adaka ce ta ƙarfe wadda fentinta ya ɓare a kusurwoyi. Mu biyu muke cicciɓo ta daga ƙarƙashin gadonsa, ni da yayana, muna nishi. Makullin yana cikin aljihun 'yar cikinsa, ɗaure da igiyar fata. Da ya ɗaga murfin sai wani ƙamshi ya cika zauren, na kafur da man keken ɗinki da tsohuwar fata. Har yau idan na wuce shagon tela yana ɗiga wa kekensa mai, zauren nan nake tunawa, na gidanmu da ke cikin birnin Zariya.

Ba ya gaggawa. Sai ya fara shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a mazauninsa, yadda aka koya masa a bariki ranar duba kaya. Butar ruwa a dama. Kwanon cin abinci mai kusurwa huɗu, ƙarami a cikin babba, a hagu. Ɗamarar kaki ta saƙaƙƙen zare mai maɗaurin tagulla ya naɗe ta a tsakiya, a gefenta 'yar wuƙa mai ninkewa da mabuɗin gwangwani a jikinta. Sai alamar hula mai siffar bishiyar kwakwa, da lambobin yabo, da wasu 'yan faya-fayai guda biyu a zare ɗaya, ja da kore, da littafinsa na sallama a cikin jakar leda. Adda ce kullum ta ƙarshe. Ita ba ya ajiye ta a kan ƙyalle. A kan cinyarsa yake ɗora ta.

Da sunansa aka raɗa mini, saboda haka Takwara yake kirana. Ranar da na fara tambayarsa inda ya samo addar, ya ce a Bama ta yi aiki. Ni kuwa Bama ɗaya na sani, ta ƙasar Barno, wadda malaminmu ya nuna mana a taswira. Sai ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya ja layi da ɗan yatsa. Nan Zariya, inda aka horar da su suna kurata. Nan Ikko, inda jirgin ƙasa ya sauke su. Daga nan ya ja wani dogon layi ya zagaye gindin Afirka, ya ce duk wannan ruwa ne, mako bayan mako ba tudu ba tsiro, har suka sauka Bambai ta ƙasar Indiya. Ya ƙara jan layin zuwa gabas, ya dangwala yatsa a wuri ɗaya, ya ce: “Takwara, ga Bamar da nake faɗa maka. Can ruwan sama ba ya gajiya.”

Sai da na girma na haɗa layin da ya ja a ƙasa da abin da ke rubuce. Ƙasar Bama ita ce yau ake kira Miyanma. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, Japan ta ƙwace ta daga hannun Ingila a 1942. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka tura su can. Kimanin mutum 90,000 ne daga wannan yanki suka yi aiki a fagen na Asiya, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. A lokacin Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Kakana yana cikin ta 81, wadda alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle. Turawa sun ɗauko shi ne daga Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, amma kakana da abokansa Gizo suka gani, mijin Ƙoƙi, wanda ba ya cin nasara da ƙarfi sai da dabara. Alamar ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo.

Gammon nan ba ado ba ne. Kwarin Kaladan, inda aka tura rundunar kakana a ƙarshen 1943, duwatsu ne da kurmin gora da rafuka, ba hanyar mota. Saboda haka aka ɗebi dubban sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, magani, har da sassan igwa da majinyata. Da yawansu ba a ba su bindiga ba, adda kawai suke rataye da ita. Da adduna da diga da shebur suka fasa hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 a cikin wannan ƙungurmin daji, daga Ciringa zuwa bakin kogin Kaladan. Abincinsu daga sama yake zuwa, jirage na sako shi da lema, kuma kafin jirgi ya iso sai an sassabe fili. Da adda ake sassaben. Da ita ake sarar gora a yi gada, a yi bukka, a yi makarar ɗaukar wanda aka raunata, a tona rami in an rasa diga. Kakana ya fara ne a cikin masu gammo kafin daga baya a ba shi bindiga. Yakan ce: “Bindiga ta Sarkin Ingila ce, na mayar masa da abarsa. Wannan kuwa tare muka sha wuya, tare muka dawo.”

Da ya dawo a 1946 addar ba ta huta ba. Ta yi sassabe a gonarsa ta bayan ganuwa, ta sari kara da ƙirare, ta fasa ƙashin ragon layya shekara da shekaru. Yawan wasawa ya sa cikinta ya rame, ta zama siririya a tsakiya. Kusa da bakinta akwai wani giɓi mai kamar an gutsure, wanda ya ce dutse ta sara da dare a bakin wani rafi, suna sauri su bar wurin. Mariƙinta na katako ya tsage tun a can, ya naɗe shi da wayar tarho. Kusa da mariƙin, idan ka karkata ta ga haske, za ka ga hoton kada, tambarin kamfanin Martindale na birnin Bamingam, da shekarar 1943, da wata 'yar alama kamar sawun kaza. Kan kibiya ne, wanda a lokacin gwamnatin Ingila ke bugawa a jikin kayan da suke mallakarta.

Aikinsa na Juma'a ba shi da yawa. Ɗigo uku na man keke a kan tsumma, ya bi ruwan addar daga gindi zuwa baki, ya juya ya sake. Daga nan ba ya ƙara taɓa ƙarfen da hannu, da tsumman yake riƙe ta. Idan na kai hannu sai ya buge shi a hankali ya ce: “Ƙarfe yana jin gumi, Takwara. Inda ka taɓa yau, nan za ta ci gobe.” Gishirin da ke cikin gumi yake nufi, ko da yake bai taɓa faɗa da wannan suna ba. Kakata, wadda muke kira Iya, takan leƙo daga cikin gida ta ce ya fi tarairayar ƙarafan nan a kan jikokinsa. Ita ce kuma ta gaya mini, bayan ransa, cewa shekarun farko da dawowarsa, idan ruwan farko ya sauka da dare, ba ya iya barci. Yakan tashi ya zauna a bakin gado har asuba, bai ce uffan ba.

Allah ya yi masa rasuwa ina makarantar sakandare. Aka raba riguna da gona da 'yan kuɗinsa, adaka kuwa ba wanda ya ga abin rabo a cikinta. Aka tura ta wani ɗaki na baya inda ake tara tsofaffin tukwane da karyayyun kujeru. Karatu ya ɗauke ni, aiki ya ɗauke ni, aure da 'ya'ya suka zo. Fiye da shekara ashirin ban buɗe ta ba, kuma wannan sakaci nawa ne, ba na kowa ba. Wata rana baffana ya kira ni ya ce za a rushe ɗakunan baya a yi ginin siminti. “Ga tarkacen tsoho nan,” in ji shi. “In kana so ka zo ka ɗauka, in ba haka ba 'yan gwangwan suna zagayawa.” Washegari da sassafe na kama hanya.

Azarar ɗakin ta daɗe tana yoyo. Da muka fasa kwaɗon, ƙamshin da na sani babu shi, sai warin danshi da ruɓa. Gindin adakar ya huje. Asu ya cinye rigar ulun da ke jikin butar ruwa, ya bar ta kamar rariya. Tagullar ɗamara ta yi wani kore-kore mai danƙo. Adda ta manne a cikin kubenta, sai da na yi ta lallaɓawa ta fito, jawur, tsatsa ta yi mata ɓawo. Na zauna a kan turmi a tsakar gida na riƙe ta, na kasa magana. Ji na yi kamar a ranar aka binne shi.

Zafin abin ne ya sa na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. So nake in ga komai yana walƙiya a kwana ɗaya, kamar hakan zai goge shekarun da na yi watsi da su. Na fara da 'yar wuƙar. Wani ya ce mini ruwan khal yana cin tsatsa, sai na tsoma ta a ciki na bar ta kwana biyu, na fito da ita na bi ta da samfefa mai kaushi. Tsatsar ta tafi, gaskiya ne. Amma ƙarfen ya koma fari fat mai ramuka-ramuka, kuma rubutun da ke gindinta, sunan maƙera da shekarar ƙira, ya tafi tare da tsatsar. Garin neman gira na rasa ido. Abin da damina ashirin ba ta iya shafewa ba, ni na shafe shi da hannuna cikin rabin sa'a.

Da addar sai na ji tsoro. Na naɗe ta a buhu na kai wa wani tsohon maƙeri da kakana ke kai wa garma da fartanya. Na same shi a gaban uwar maƙera, jikansa na masa zuga. Na gaishe shi, na ce: “Baba, so nake a sa mata injin wasawa, a fitar da giɓin nan, a sake mata mariƙi, ta koma sabuwa.” Ya karɓa, ya juya ta, ya kankare gindinta da farce har kan kadan ya leƙo. Ya dube ni ya ce: “Ta Kofur ce wannan. Na san ta tun ubanka bai yi kaciya ba. Yaro, in sabuwar adda kake so, ga kasuwa can, ba ta da tsada. In na sa wa wannan inji, ƙarfe zan ba ka, ba addar kakanka ba.”

A wurinsa na koyi cewa tsatsa iri biyu ce. Akwai ja, mai gari, mai tashi kamar ɓawon gyambo. Ita ce mai rai, kullum tana ci, kuma danshi take riƙewa ta ƙara cin na ƙasa. Akwai kuma baƙin da tsohon ƙarfe ke yi, mai santsi, wanda ya zauna ya daina ci, har yana kāre abin da ke ƙarƙashinsa. Ja ake yaƙa, baƙi a bar shi. Ya ce in jiƙa ruwan addar da kananzir in bar shi ya kwana, kada ya taɓa katakon. Da safe in kankare da abin da bai kai ƙarfen tauri ba. Ya laluba cikin wani gwangwani ya ba ni tsohon kwabo na jan ƙarfe, irin mai hoton rijiyar mai, ya ce gefensa zai ɗaga tsatsa amma ba zai karce adda ba. Bayan kwabo sai soson ƙarfe mafi laushi, da mai, a bi tsawon ruwan, kada a gicciye. Lemon tsami da tsamiya da khal, in ji shi, duk suna cin tsatsa, amma ba su san inda za su tsaya ba, kuma in ba a wanke su sarai ba suna nan suna ci bayan ka ajiye.

Mako uku na yi ina wannan aiki, kullum bayan la'asar, rabin sa'a ko ƙasa da haka. Tsumma ya yi ja, in canja wani. A hankali kadan ya fito gaba ɗaya, har da wutsiyarsa. Sai lambobi huɗu na shekarar, sai sawun kazar. Ranar da na ga sun bayyana na kira 'ya'yana suka zo suka gani, na karkata musu ita ga hasken yamma yadda aka taɓa karkata mini. Ramukan da tsatsa ta riga ta ci suna nan, ba mai cike su, kuma ban nemi a cike ba. Giɓin yana nan. Wayar tarhon ma tana nan, na goge ta kawai na danne bakin da ya tashi. Da na gama na share man da busasshen tsumma, na narka kakin zuma kaɗan na shafa sama-sama, ruwa da mariƙi, na goge. Kaki ya fi mai daɗewa, ba ya kama ƙura, kuma yana toshe wa danshi hanya. Man gyaɗa da man ja ba su dace ba, suna yin ɗoyi da danƙo, su jawo kiyashi da ɓera. Baƙin man mota kuwa datti ne da guba.

Kuben na kai wa baduku. Fatar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, ɗinkin gefe ya saki. Na ɗauka zai jiƙa ta da mai sharkaf ta yi laushi. Bai yi haka ba. Da busasshen buroshi ya fara kakkaɓe fumfunar danshin, ya shanya ta a inuwa kwana biyu, sannan ya laƙaci man kaɗe ɗan mitsitsi ya murza a tafinsa har ya narke, ya shafa. Ya ce tsohuwar fata kamar tsoho take, in ka ɗura mata da yawa ba za ta iya ɗauka ba: za ta yi baƙi, ta saki jiki, zaren ya ruɓe. Da ya zo ɗinki bai huda sabon rami ko ɗaya ba. Tsofaffin ramukan ya bi da basilla, da zare mai kaki. Shi ne kuma ya gargaɗe ni kada in ƙara ajiye addar a cikin kuben. Fata tana shan danshi ta riƙe, kuma tsamin jima da ke cikinta yana cin ƙarfe. Kube na tafiya ne, ba na ajiya ba. Abin da ya ci addar kakana ke nan, shekara ashirin tana kwance a cikin jiƙaƙƙiyar fata.

Koren da ke jikin tagulla da tsinken sakace na cire shi, lungu-lungu, sannan na bi da tsohon buroshin haƙori. Ɗamarar ban wanke ta ba, na kakkaɓe ta a bushe, don a cikinta akwai lambarsa da ya rubuta da tawada, ruwa zai tafi da ita. Butar ƙarfe ce mai shuɗin fenti irin na kwanon sha, da toshiya a ɗaure da igiya. Na zazzage ƙurar tsatsar da ke ciki, na bar ta a buɗe ta sha iska, na tattara abin da asu ya rage na rigarta na bar shi a jikinta. Ba za a ƙara shan ruwa da ita ba, kuma ba sai an sha ba. Kwanon abincin da ruwan ɗumi da sabulu kawai na wanke shi. Baƙin da wutar gora ta yi wa gindinsa na bar masa abinsa.

Lambobin yabon su ne aka fi cuta da gyara a gidajen mutane, domin kowa so yake ya ga suna ƙyalli. Akwai tauraro mai tsini shida da ake kira Tauraron Bama, wanda aka ba waɗanda suka yi aiki a fagen tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Akwai kuma farar lamba mai kan Sarki Joji na Shida, a bayanta zaki ya taka wani dodo. Duk ruwan goge tagulla, ko toka, ko yashi, ƙarfen yake kankarewa kaɗan-kaɗan, har wata rana ka nemi fuskar sarkin ka rasa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da buroshi mai laushi sun isa, a tsane su sosai, kuma kada ruwa ya taɓa ƙyallen. Ingila ba ta buga sunan soja a jikin waɗannan lambobi ba. Ma'ana, idan suka rabu da takardar mai su, ba mai iya cewa na wane ne. Faya-fayan nan biyu su ne masu suna da lamba da addini. A lokacin soja yana rataye su a wuya: in ya faɗi, a bar koren a jikinsa, a tafi da jan a kai rahoto. Kakana ya dawo da nasa duka biyun. Da yawa ja kaɗai ya dawo. A maƙabartar Taukiyan da ke kusa da Rangun akwai ginin tunawa mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki.

Littafin sallamarsa ya yi tabo amma ana karanta shi. Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar a kai shi a manne shi cikin roba da injin zafi, yadda ake yi wa takardun makaranta. Na ƙi. Zafin yana dafa tsohuwar takarda, kuma abin da aka manne ba ya ɓantaruwa sai da rubutun. Salatif ma haka, yana rawaya ya bar tabon da ba ya fita. Na ɗauki hoton kowane shafi na rarraba wa dangi, na sa littafin tsakanin fararen takardu a cikin ambulan. Abu ɗaya kuma da ya kamata in faɗa: a wasu gidajen akan tarar da harsashi ko gurneti a cikin irin waɗannan akwatuna. Wannan ba kayan gogewa ba ne. Tsufa ba ya kashe su, ƙara musu haɗari yake yi. Kada a taɓa, kada a kai wa maƙeri, a sanar da hukuma.

Yanzu kayan suna cikin akwatin katako a kan kanta, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bango saboda danshi. Kowanne a naɗe da farin yadin auduga, ba leda ba, don leda tana kulle gumi. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani ina tara su in zuba a ciki. Ƙasarmu tana da maƙiya biyu: damina mai kawo tsatsa da fumfuna, da hunturu mai busar da fata da tsaga katako. Don haka sau biyu nake babban dubawa, kafin ruwan farko da kuma bayan kaka. Amma ranar Juma'a, in ina gida, nakan sauko da akwatin ko da ba abin gyarawa. Ƙaramin ɗana ne ke shimfiɗa ƙyallen. Ya san buta a dama take.

Mukan wuce barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, mu ji ana ambaton Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Burma Camp a Ankara ta Gana, ba mu tambayi daga ina sunayen suka fito ba. Kusan dukkansu wurare ne a Bama inda kakanninmu suka yi gumi da jini, Chindit kuwa sunan dakarun Janar Wingate ne, waɗanda bataliyoyin Najeriya uku suka yi yaƙi a cikinsu a 1944. A Myohaung ne rundunonin nan biyu suka haɗu a Janairun 1945 suka karɓe garin. Hafsoshin Turawa sun koma gida sun rubuta littattafai. Namu, mafi yawansu ba su yi boko ba, sun dawo da ɗan kuɗin sallama da bai kai na Turawa ba, suka koma gona da gadi da aikin ɗan doka. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, wanda mahaifinsa ya je yaƙin, ya rubuta littafin Burma Boy a 2007, amma irinsa kaɗan ne. Littafin da yawancin tsofaffin nan suka bari shi ne abin da ke cikin adakarsu. Giɓin adda shafi ne, wayar tarho shafi ce, baƙin gindin kwano shafi ne. Wanda ya goge su don neman ƙyalli ya yage shafukan.

Mai karatu, in akwai irin wannan akwati a gidanku, na Bama ne, ko na Habasha, ko na Kwango, ko na yaƙin basasa, kada ka jira sai za a rushe ɗaki. Ka sauko da shi a makon nan. Ka cire ƙarfe daga fata, ka shanya a inuwa, ka tsayar da jar tsatsa, ka bar sauran yadda ka same shi. In akwai tsohuwa ko tsoho da ya san labarin kayan, ka zauna a gabansa da takarda da alƙalami tun yana da rai, ka rubuta sunan mai su da inda ya je, ka sa a cikin akwatin. In ba ka da wurin ajiya, ka tuntuɓi gidan tarihi, irin su Gidan Makama a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna, kafin ka miƙa wa mai awon kilo. Ba ka gaji kayan nan don ka mai da su sababbi ba. Amana ce aka ba ka, ka miƙa wa na bayanka da tabonta.

Allah ya jiƙan kakana da abokan tafiyarsa, waɗanda suka dawo da waɗanda ƙasar Bama ta rufe.